Wasiƙa daga Damagaram: kada ku karyar da fiyanonku don nota ta maƙale

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Malam Edita don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan in yi magana da ƴan uwana masu haɗa kiɗa, musamman yaranmu da suka buɗe ƙananan sutudiyo a nan Damagaram, na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, har da na Mirya da Magarya da Matamaye masu shigowa gari ɗaukar waƙa. Na san wani zai ce wannan ai ba maganar jarida ba ce, ga tsadar hatsi ga wahalar ruwa, to gaskiya ne, amma ita ma wannan sana'a ce da mutane ke riƙe iyali da ita, waƙar biki da ƙasida da tallan rediyo duk daga ƴan ɗakunan nan suke fitowa.

Duk wanda ya taɓa haɗa fiyano da kwamfuta ya san abin da zan faɗa. Ka danna nota ka ɗaga yatsa amma sautin ya ƙi tsayawa, ya yi ta kuka tiiiii har sai ka kashe fiyanon ko ka rufe manhajar, ko kuma ka danna sau ɗaya ta fita sau biyu, in ka buɗe abin da ka ɗauka ka tarar kowace nota ga ƴar uwarta kwance a kanta. Matsalar kanta da sauƙi wallahi, abin da mutane ke yi in ta same su shi ke ba ni takaici. Wani ya ɗauki fiyano ya sa a mota sai Kano wai gyara, wani ya kai kwamfuta a yi mata formate ya yi asarar aikin wata da watanni, wani ya karyar da fiyanonsa na Yamaha PSR mai lafiya a kuɗin banza ya ce ya gaji, har akwai masu cewa hannu aka sa musu don an ga suna samun aiki. Ni dai abin da na gani a harkar nan, kuma na daɗe cikinta, galibin lokaci fiyanon lafiyarsa lau, kuma kafin ka kashe ko dala ɗaya za ka iya gane inda ciwon yake kana zaune cikin ɗakinka.

Sai dai fa dole mutum ya fara sanin me ke bi ta cikin wayar da ke haɗa fiyano da kwamfuta. Abin da ke bi ta cikinta, wanda ake kira MIDI, ba sauti ba ne, saƙo ne kawai. Wasu sababbin fiyano suna tura sauti ma ta wayar USB ɗin amma wannan zance ne daban. Tsarin ya fito tun 1983, Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland a Japan su ne suka fi tsayawa a kai, a watan Janairun shekarar aka haɗa fiyanon kamfanonin biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a baje-kolin kayan kiɗa na NAMM jama'a suka ga ɗaya yana kaɗa ɗaya, har aka ba su kyautar Grammy a 2013 saboda wannan aikin. An fito da MIDI 2.0 a 2020, to amma fiyanon da ke hannunmu nan garin duk kan tsohon tsarin suke, kuma tsohon tsarin bai da wani wayo, abin da aka gaya masa shi yake yi.

In ka danna maɓalli fiyano zai aika saƙo ɗaya mai suna Note On, cikinsa akwai abu uku, layin da za a bi cikin layuka 16, lambar notar daga 0 zuwa 127, misali Do ta tsakiya lambarta 60, sai ƙarfin da ka buga da shi. In ka ɗaga yatsa sai ya aika wani saƙon daban, Note Off. Shi ke nan fa. Kwamfuta ba ta da idon da za ta ga ka ɗaga hannu, in saƙo na biyu bai iso ba ita a wurinta har yanzu kana danne. Kamar ka aiki yaro ya ce a buɗe pampo ne sannan ka aiki wani ya ce a rufe, in na biyun ya tsaya wasa a hanya ruwa zai yi ta zuba, mu ƴan Damagaram kuwa ba sai an gaya mana zafin asarar ruwa ba. To nota mai maƙalewa saƙon saki ne ya ɓata, nota mai fita biyu kuma saƙon danna ne ya iso sau biyu, aikinka kawai ka gano a ina. Shi ya sa ma za ka ji wani yana rantsuwa wai da sautin fiyano ba ta yi masa sai ya sa goge ko sarewa ko organ. Tana yi, ba ya ji ne kawai, sautin fiyano da na gita suna mutuwa da kansu ko ba a sake su ba, su kuwa goge da organ sai an ce su tsaya.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Cire duk wayoyin da ke bayan fiyanon, USB da MIDI da pedal, wato abin takawar nan da ke riƙe sauti, ka bar ta wuta kaɗai, ka kashe ka kunna, ka sa kask a kunne ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har sama, a hankali sannan da ƙarfi. In komai ya fita daidai to ka daina zargin fiyano, matsalar tana waya ko kwamfuta ko reglaj. In kuwa maɓalli ɗaya ne ko biyu kullum su ne ke yin abin, sauran lafiya, to wannan ciwon cikin fiyanon yake, zan zo kansa. Ka lura da wannan bambancin da kyau, abin da ya shafi duk maɓallai da wuya ya zama lalacewa, abin da ya tsaya kan maɓalli ɗaya kuma da wuya ya zama kwamfuta.

Gwaji na biyu shi ne wanda nake mamakin yadda yaranmu ba su san shi ba. Akwai wata ƴar manhaja ta Windows sunanta MIDI-OX, tsohuwa ce, ba ta da nauyi, masu Mac kuma suna da MIDI Monitor. Aikinta ta rubuta maka duk saƙon da ya shigo layi-layi kana gani da idonka. Ka rufe manhajar haɗa kiɗanka, FL Studio ko Cubase, tukuna, don a galibin Windows ɗin da muke da su manhaja ɗaya ce ke iya riƙe fiyano a lokaci guda, sannan ka shiga Options na MIDI-OX ka zaɓi MIDI Devices ka danna sunan fiyanonka. In Yamaha ne kada ka tsorata in ka ga rubutu yana ta gudu ba ka taɓa komai ba, Timing Clock ne da Active Sensing, fiyanon ke aiko su kullum, ka shiga MIDI Filter ka ɓoye su don ka ga abin da kake nema.

Kwanakin baya wani yaro daga Garin Malam ya zo da fiyanonsa ɗaure bayan kabu-kabu, an naɗe shi da zanin mamarsa, ya ce Baba ka duba mini shi in ba zai gyaru ba akwai wanda ya taya. Muka haɗa da wayarsa muka buɗe MIDI-OX, na ce danna Do. Layi ya fito 90 3C da wata lamba, ya ɗaga yatsa wani layin ya fito Note Off, lafiya lau. 3C ɗin nan ita ce 60, da irin ƙidayar kwamfuta aka rubuta ta. Na ce to yanzu sa yatsu goma ka buga gaba ɗaya ka saki gaba ɗaya. Muka ƙirga, na danna sun cika, na saki ba su cika ba, ya sake, haka dai, kowane bugu sai wani ya ɓace. Na zare wayarsa na sa tawa, ya buga har ya gaji babu wanda ya ɓace. Sai ya yi shiru yana kallon wayar nan a hannunsa, irin baƙar nan ce mai ɗan akwati a tsakiya da hoton alamar kiɗa a jiki, mai fitila ja da shuɗiya, ya ce kai Baba, wannan abar ce za ta sa in sayar da fiyanona?

Ita ce kuwa. Wayoyin nan masu araha da ke juya MIDI mai ƙafa biyar zuwa USB su ne suka fi kowa laifi a maƙalewar nota. Tsohuwar hanyar MIDI tana tafiya ne da gudun bit 31,250 a daƙiƙa, wato saƙon nota wajen dubu ɗaya a daƙiƙa, in kana buga nota ɗai-ɗai kowace waya za ta iya, amma in ka haɗa yatsu ko ka kunna sitayil, wato kiɗan rakiya da fiyano ke yi da kansa, ko ka murza pitch bend mai lanƙwasa sautin nota, sai saƙonni su taho a jere ba hutu, ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin nan ya cika ya fara zubar da wasu. Ga wani abin kuma, fiyano da yawa har da Yamaha ba sa aika Note Off na ainihi, Note On suke sake aikawa da ƙarfi 0, wannan halal ne a tsarin MIDI tun asali kuma ana haɗa shi da wata dabara ta rage tsawon saƙo, to wasu wayoyin na bogi a nan suke rikicewa. Wasu ma in ka fasa akwatin za ka ga gurbin wani ɗan ƙaramin abu mai raba wutar fiyano da ta kwamfuta ta hanyar haske, wanda tsarin MIDI ya ce dole a sa shi, an bar wurin wayam ba a sa ba. Araha ba ta ado. Wanda zai iya ya nemi irin Roland UM-ONE ko Yamaha UX16, wanda kuma fiyanonsa yana da ramin USB TO HOST a baya to ba ya ma bukatar wannan duka, wayar firinta ta isa. Sai dai ita ma da sharaɗi, littafin Yamaha da kansa ya ce kada ta kai mita 3, kuma a jira daƙiƙa 6 tsakanin cirewa da mayarwa ko kashewa da kunnawa, mu kuwa sai ka ga an haɗa waya da waya an ja ta daga wannan bango zuwa wancan, an bi da ita ta cikin hub, ɗan akwatin nan mai raba ramin USB, tare da linzami da kile da cajar salula. A sa ta kai tsaye a jikin kwamfuta don Allah. Mai ƙafa biyar ita ce ke jure nisa har mita 15, kuma a tuna OUT na fiyano IN yake shiga.

Sai maganar wuta, wadda mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Kuran ya zo ya tafi, a tada grup, ya yi sama ya yi ƙasa, gidaje da yawa kuma babu wayar ƙasa a priz ɗin, shi ya sa in ka taɓa ƙarfen laftof tana kan caji kake jin tana ɗan cizo. Wannan ƙazantar wutar tana bi ta USB, haɗin ya yanke na ƙiftawar ido ya dawo, in yankewar ta faɗa daidai lokacin da ka ɗaga yatsa shi ke nan nota ta maƙale. Gwajinsa ka zare cajar laftof ka yi aiki da batir kaɗai, in abin ya daina ka san daga ina yake. A duba adaftar fiyanon ma, ƙananan PSR-E volt 12 suke ci, manyan PSR-S volt 16, kuma ba volt kaɗai ake dubawa ba har da amfiya, in aka sa wadda ba ta kai ba fiyano zai kama amma ya riƙa yin abin da ba a gane ba. Windows ita ma tana da wata ɗabi'a ta kashe ramin USB wai don tattalin batir. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, a shiga Gestionnaire de périphériques, a buɗe jerin USB, kowane hub a shiga Gestion de l'alimentation a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi, sannan a cikin Options d'alimentation a kashe suspension sélective USB.

Pedal kuma, kai pedal ya sa mutane da yawa kuka a banza. Shi ma saƙo yake aikawa, lamba 64, in ka taka ya ce riƙe in ka ɗaga ya ce saki. To ba duk pedal ne iri ɗaya ba, na Yamaha da na Casio a juye suke da juna, in ka sa wanda ba nasa ba sai ya zama ƙafarka tana sama nota tana riƙe, ka taka ta tsaya. Wasu pedal ɗin suna da ɗan makunni a ƙasa ko a gefe, ka juya shi kawai. Kuma fiyanon Yamaha yana duba pedal ne lokacin da ake kunna shi, in ƙafarka tana kai ko ka soka pedal bayan ka kunna sai ya ɗauke shi a juye, magani ka kashe, ka soka pedal, ka ɗauke ƙafa, ka kunna. In ka ga duk notocin suna jan jiki tare ba guda ɗaya ba, fara da pedal.

Akwai wanda kuma hannunmu ne ke jawo shi. Kana danne da nota ka canza layi ko ka koma wani tarak da linzami, wato wani kayan kiɗan a cikin manhaja, saƙon danna ya tafi wurin goge, saƙon saki ya tafi wurin bas, goge kuwa bai ji komai ba sai ya ci gaba. Haka in ka zana nota biyu iri ɗaya suna hawa kan juna a piano roll, wurin zana nota a manhaja, wasu kayan sautin sai su rikice. In ta riga ta maƙale ba sai ka kashe komai ba ana tsakiyar aiki mai waƙa yana tsaye gaban makirfo, a FL Studio ka danna Ctrl da H, a Cubase ka shiga MIDI ka danna Reset, za su tsayar da komai, dama tsarin MIDI ya ware lamba 123 don sakin dukkan nota da 120 don yanke dukkan sauti.

Yanzu nota mai fita biyu. Wannan kusan kullum reglaj ne, kuma babban mai laifi shi ne abin da ake kira Local. Fiyano irin PSR abu biyu ne cikin akwati ɗaya, maɓallai da injin sauti, Local shi ne haɗin da ke tsakaninsu. In yana ON ka danna, injin ya yi sauti nan take, saƙon kuma ya tafi kwamfuta, ita kuma in an saita ta ta mayar da shi sai ya dawo wa injin ya sake buga notar bayan ɗan lokaci kaɗan da kunne ba ya rabawa sosai, sai ka ji sautin ya yi wani iri kamar ta hanci yake fita, siriri, kuma notocin da fiyanon zai iya riƙewa lokaci guda su ragu da rabi, mai 32 ya koma 16, ka ji wasu suna yankewa. Ka danna FUNCTION ka nemi Local ka mayar OFF in dai sautin fiyanon kake so ta hanyar kwamfuta. In kuwa sautin cikin FL kake amfani da shi to ka rage muryar fiyanon har ƙasa ko ka kashe Local ɗin, kuma kada ka kunna wa fiyanon fitar saƙo daga FL a reglaj ɗin MIDI da F10 ke buɗewa sai da dalili. Amma don Allah a riƙe wannan, in ka kashe Local ka tashi zuwa wurin biki babu kwamfuta, fiyano zai kama fitila ta haska amma ko ƙus ba zai ce ba, wasu suna komawa ON da kansu in an kashe an kunna wasu kuma ba sa komawa, na ga wanda ya yi gumi sharkaf gaban ƴan biki yana jijjiga waya a kan wannan.

Wanda ya fi wannan muni shi ne in saƙon ya samu hanyar zagayawa, ya fita daga fiyano ya shiga kwamfuta ya dawo fiyano ya sake fita, galibi in an soka waya a ramin THRU, mai fitar da duk abin da ya shigo ta IN, maimakon OUT, ko an saita fiyano da kwamfuta duka su riƙa mayar da abin da suka karɓa. Nan ba biyu za ka ji ba, nota ɗaya za ta haifi ɗaruruwa, kwamfuta ta daskare. Ka zare wayar da ke shiga IN na fiyano, in komai ya lafa to ka kama ɓarawon.

Sauran dalilan ƙanana ne amma suna da yawa a gari. Wani ya haɗa USB kuma ya haɗa mai ƙafa biyar lokaci guda, duka biyun suna kai saƙo ɗaya. Wani fiyanon yana fitowa da suna biyu a jerin shigarwa an kunna duka. Masu tsohon Cubase 5, wanda har yau shi ne a sutudiyo da yawa, fiyano ɗaya yakan fito a ƙarƙashin DirectMusic ya kuma fito a ƙarƙashin Windows MIDI, tarak kuma yana kan All MIDI Inputs yana sauraren duka biyun, a shiga MIDI Port Setup a bar guda. Abin da aka riga aka ɗauka dubul kuma ba sai an sake bugawa ba, akwai Delete Doubles cikin MIDI Functions. In Dual, mai haɗa murya biyu a maɓalli ɗaya, yana kunne fiyano yana aika kowace nota ta layi biyu ne, ɗaya na babbar murya ɗaya na ta biyun, in kuma sitayil yana tafiya Yamaha yana zubo ganguna da bas da sauran rakiya ta layi na 9 zuwa 16, tarak ɗin da ke karɓar kowane layi zai haɗiye su duka ya buga da murya ɗaya, ka ji hayaniya ka rasa daga ina. A kashe Dual da Style Out, ko a ce wa tarak layi na 1 kaɗai zai saurara.

Wani abin da ake haɗawa da wannan alhali ba shi ba ne, jinkiri. Ka danna sai bayan ɗan lokaci sautin kwamfuta ya fito, in muryar fiyano tana buɗe sai ka ji tas-tas kamar biyu. Wannan harkar katin sauti ce, a sa direban nan ASIO4ALL ko na katin a rage buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 256 ko 512, in saurin ɗaukar sauti yana kan 44,100 buffer 512 bai kai kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa ba, hannu ba ya damuwa da shi sosai.

To sai wanda ya gwada fiyano shi kaɗai ya ga maɓalli ɗaya ne ke yin abin. Wannan ƙura ce, ƙurar hunturun nan tamu da ke shiga ko cikin tukunya a rufe. Ƙarƙashin maɓallai akwai wata doguwar roba mai ƙululu-ƙululu, kowane maɓalli yana da ɗigo biyu baƙaƙe na gawayi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, in ka danna na farko ya taɓa fanel, wato allon lantarkin da ke ƙarƙashin robar, sannan na biyu ya biyo, tazarar da ke tsakaninsu ita fiyano ke aunawa ya san ƙarfin bugunka. In ƙura ta kwanta kan ɗaya sai lissafin ya lalace, maɓallin ya riƙa fita da ƙarfi 127, wato ƙarshen ƙarfi, ko ka shafa shi ne kawai, ko ya yi shiru, ko ya buga biyu, ko ya ƙi saki. A MIDI-OX za ka gan shi ƙuru-ƙuru, lamba ɗaya ce kullum ke yin rashin ji. Gyaransa mai haƙuri zai iya. A cire wuta, a kifa fiyano kan katifa, a kwance noti ana jera su yadda aka ciro don ba tsawonsu ɗaya ba, a ɗauki hoto da salula kafin a taɓa kowace waya, siraran wayoyin nan masu faɗi kuwa a bi su a hankali don in suka yage an shiga uku. In an kai ga robar a ɗaga ta, za ka ga jar ƙura kwance cikin ramukan wani lokaci har da gashi ko ƙafar kyankyaso, a goge ɗigon da fanel ɗin da auduga da alkol irin wanda masu gyaran salula ke amfani da shi, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da man inji ko na feshi, ban da kankarewa da reza ko sanfefa, gawayin nan siriri ne in ya tafi ya tafi. Wajen mayarwa a kula da gaba da baya, in aka juya robar duk maɓallan wurin za su haukace, ƴan ƙafafunta kuma tsinken sakace ya isa a tura su cikin ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyaran rediyo ko salula na unguwa ya tsaya kansa, ba aikin da sai an tsallaka iyaka ba ne. Daga nan kuma a samu yadi mai kauri a Kasuwar Dole a ba tela ya ɗinka wa fiyano riga, a riƙa rufe shi ko fita salla za a yi, kuma a daina cin ƙosai da biredi a kansa.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ko sau ɗaya a wata a riƙa ware ɗan shafi na irin wannan bayanin da Hausa, don littattafan kayan nan da Turanci ko Faransanci suke zuwa, galibi ma kayan na hannu ne babu littafin, yaro ya koyi kiɗa da kunne ya ƙware amma babu wanda ya taɓa gaya masa mene ne Local. Masu gyaran sauti na gidajen rediyo da tsofaffin makaɗan orkestra da muke da su a garin nan da Maraɗi da Yamai suna da abin faɗa da yawa in an ba su fili. Su kuma ƴan kasuwa masu kawo wayoyin nan, ba na ce ku daina ba kowa da abincinsa, amma ku yarda mai saye ya je ya gwada, ya sa yatsu goma ya buga ya saki yana kallon MIDI-OX, in na saki ba su cika ba ya dawo muku da ita ku canza masa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani mai haɗa kiɗa daga unguwar Zango, Damagaram